Takalmin Baba Kolo

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga Gure, cikin watan azumin tsofaffi, zuwa Damagaram, zuwa hannun ɗana Na Kelle.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka da lafiyar jiki da kwanciyar rai. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, da abin da kake gani da wanda ba ka gani.

Mu nan da sauƙi. Ƙanwarka Zara lafiya lau. Mijinta an ɗauke shi aikin hanyar mota kwana goma sha biyar, ya dawo ƙafa a tsage, amma yana takawa. Ɗansu yana haƙori, zawo ya ramar da shi, jiya dai ya karɓi koko. Gwaggonka idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama yana ganin inuwa. Malama Yagana, wadda ta koya mini baƙi, zazzaɓin kaka ya kwantar da ita mako guda, ta tashi. Ni kuwa gwiwa ce, ta da, ba sabuwa ba. Gero ya yi kyau bana, irin wanda ba mu gani ba tun shekarar fara, har an fara yanka a gonakin tudu.

Ba don labarin gida na ɗauki alƙalami ba. Takardun da ka aiko ta hannun Ari mai fataucin kanwa sun iso: wasiƙarka, da labarin nan mai ganye goma sha ɗaya da ka ce kai ka ƙaga shi, ka juyo mini da ajami don ba na karanta boko. Ka ce Nasaran mishan da kake koya wa Hausa zai tafi kudu bayan ƙaramar salla, zai tafi da kai da labarin, a buga shi a inji ya zama littafin koyon karatu. Abu ɗaya nake roƙonka, kuma na sa shi a nan sama don kada ka gaji da rubutuna kafin ka kai wurin: kada ka ba shi takardun nan tukuna. Ƙarshen labarin ba daidai ba ne. Mutum biyu ne a duniya suka san haka, ni ce ɗaya.

Ka yi haƙuri da hannuna. Ka san furfura ta riga ta fito mini kafin in riƙe allo, kuma ba don zama malama na riƙe shi ba. Na gaji ne da kai wasiƙarka bakin kasuwa, mai karatu ya ɗaga murya, masu sayar da albasa su ji lafiyar ɗana tare da ni. In ka ga baƙi ya karkace ko wasali ya ɓata, ka gyara a ranka.

Bari in fara da wautar da na yi, ka yi dariya. Ni ban taɓa ganin rubutun da ba gaskiya ba. Abin da na sani a rubuce, ko na allo ne, ko laya, ko wasiƙa, ko takardar kumandan, Nasaran mulki. Da na kwance ƙunshin, labarin ne a sama, wasiƙar tana ƙasa, sai na fara da na sama. Kwana uku na yi a kan ganye biyu. Na iske an ce wani dattijo Malam Gaji ya rasu a wani gari Tudun Kanya, ya bar iyali cikin wahala. Na yi salati, na ajiye takarda, na jiƙa gero na yi gumba na raba sadaka. Da safe a bakin rijiya ina tambayar mata ko Tudun Kanya gabas take ko yamma. Ba wadda ta sani. Zara ta ce, “Inna, wai wa ya mutu?” Na ce, “Wani bawan Allah ne, yayanki ya san shi.”

Sai da na kai wa Malama Yagana ta duba mini wata kalma da ta gagare ni. Ta zaro wasiƙar daga ƙasa, ta karanta, ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, “Fanna, gatana kika yi wa sadaka. Saura ki ɗaura zane ki tafi zaman makoki.” Har yau Zara ba ta bar ni ba. Shekaranjiya ta leƙo ta ce, “Inna, arba'in ɗin Malam Gaji ta kusa, a jiƙa gero ko a bari sai danginsa sun iso?”

Ga abin da na gani cikin wautar nan. Mu in za mu yi gatana, akwai kalmar buɗewa, yara su amsa, kowa ya san an shiga ƙarya da yardar juna. In an gama akwai ta rufewa, mai gatana ta amsa da bakinta cewa ƙarya ta shirga. Naka ba ƙofar shiga, ba ta fita. Ya zo da sunan mutum da sunan gari, cikin baƙin da muke rubuta sunan Allah da shi. Irina suna da yawa cikin waɗanda za su koyi karatu da littafin nan, kuma duk abin da suka gani a rubuce haɗiye shi za su yi. Ka sa musu wata alama a farko, ko da layi ɗaya ne, su san inda suka sa ƙafa.

Na ci gaba da karatu da sakin jiki, tun da gatana ce. Yunwa ta shiga Tudun Kanya. Wata mata mai goyo ta saci irin shuka daga rumbun surukinta. Don rairayi ya yi zafi, ta sa takalmin ƙanin mijinta da ke barci a gindin itace. Aka bi sawu, aka kama shi. Ya san wadda ta yi, ya yi murmushi ya ce shi ne. Aka kore shi, ya mutu a daji yana yi mata addu'a. Ruwa ya sauko, matar ta tsaya cikinsa ta yi kuka, ta ji an sauke mata kaya daga kai. Nan ka tsaya.

Ban kai ƙarshen a lokaci ɗaya ba. A ganye na shida, inda ta zura ƙafa cikin takalmin, na naɗe takardun na tura ƙarƙashin tabarma. Kwana huɗu ban taɓa su ba. Zara ta ɗauka gwiwa ce ta hana ni cin abinci.

Yanzu zan rubuta abin da bakina bai taɓa faɗa ba, har ga babanka, Allah ya jiƙansa, wanda ya mutu bai sani ba.

Shekarar babbar yunwa kana da shekara uku. Babanka ya bi ayari kudu neman hatsi, wata huɗu ba shi ba labarinsa. Mun ci karangiya, mun ci anza bayan mun jiƙa ta kwana da kwanaki, mun tone gidajen tururuwa har suka ƙare. Kana kuka dare da rana, sannan wata safiya ka daina. Wannan shirun naka ne ya firgita ni. Kakanka kuwa ya ware zangarniya zaɓaɓɓu na iri, ya ɗaure su da kaba ya sa a ƙaramin rumbun bayan gida, ya rantse a gaban kowa duk wanda ya taɓa su ba jininsa ba ne. Ba mugunta ba ce. In iri ya tafi, baɗi gidan gaba ɗaya ya tafi.

Ba ka tuna Baba Kolo a lokacin ba, ƙanin babanka. Shekararsa goma sha tara. Shi ke ɗora ka a wuya ya gangara da kai kwari, ya zaunar da kai a gindin dabino yana jan jigo, yana yi maka waƙa da ƙarar jigon. Shi ya fara yi maka saniyar laka mai ƙaho na ƙaya. Ni da shi wasa ne tun ranar da aka kawo ni gidan. Yakan ce, “Matar yaya, in ya gaji da tuwon nan naki mai gudaji, ni zan gaje ki, don tausayi.” In ce, “Ka fara samun wando mai ƙafa biyu tukuna.” In ɓoye masa sanda, ya zuba mini barkono a fura. Ko a tsakiyar yunwar bai bar wasa ba. Ya taɓa kawo mini ƙwallon goruba ɗaya a cikin babbar ƙwarya, a rufe da faifai, ya durƙusa ya ce ga kayan aure. Na yi dariya ran nan har cikina ya murɗa.

Ranar da abin ya faru, rana tsaka, kowa ya gangara kwari neman abin sa wa baki. Rairayi kamar garwashi, ni kuma ba ni da takalmi. Kolo yana barci a gindin aduwa, takalmansa na gefe. Wallahi ban ɗauka don in jefa shi cikin laifi ba. Sau nawa na sa takalmin nan in je rijiya, ya tashi ya yi ta neman sa ina dariya. Na sa, na zagaya bayan gida, na zaro zangarniya bakwai, na dawo na ajiye masa abinsa. Na murje geron a tafin hannu, na niƙa a dutse a hankali don kada a ji turmi, na dama maka kunu. Ka sha, ka yi gumi, ka yi barci. Da ka farka ka yi kuka, na gode wa Allah.

Kafin la'asar kakanka ya gani. Ka san ƙasarmu, rairayi ba ya riƙe asiri. Takalmin Kolo na hagu yana da ɗinki a dugadugi mai barin alama kamar sawun kaza. Ba a ko nemi masu bin sawu ba, sawun da kansa ya kai mutane gindin aduwa. Kuma ba wanda ya yi mamaki, don Kolo mai bin goge ne, mai makara salla, wanda ya taɓa sayar da akuyar gida ya ce kura ce. Kakanka ya tambaye shi sau uku. Shi kuwa takalmansa kawai yake kallo. Aka yi masa duka da igiyar rijiya, kakanka ya ce ya bar masa gida. Ni ina bayan zana, kana bayana a goye, ina jin kowace bulala.

Da zai fita da sandarsa da salkarsa, ya biyo ta gabana. Ya tofar da yawu mai jini a gefe, ya ce a hankali, “Matar yaya, gobe in kin ari takalmin mutum, ki mayar yadda kika same shi. Ni ɗaya kan ɗaya nake ajiye nawa. Ke kin jera mini su kamar na liman.” Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Shekara ashirin da biyu ke nan.

Kuskurena ba zangarniya bakwai ba ne. Da za a mayar da ni ranar nan, da na sake ɗauka, ga ka nan a raye kana rubutu. Kuskurena shi ne tsayuwar da na yi a bayan zana. Na ce wa kaina gobe zan faɗa in zuciyar tsoho ta huce. Da gobe ta zo na ce sai babanka ya dawo. Da ya dawo na ga yadda ya sunkuyar da kai don kunyar ƙaninsa, na ce sai an yi girbi. Haka har kakanka ya mutu bai janye maganarsa ba. Ɗana, in ka yi laifi ya faɗa kan wani, ka buɗe baki ran nan, kafin rana ta faɗi. Maganar da za ta fita da ƙyar yau, gobe ba za ta fita ba sam.

Na yi ta tunanin abin da ya sa ka zagayo mini ta takarda, ba ka tambaye ni da baki ba lokacin da ka zo bara. Nan ma laifina na gani. Kai ɗan fari ne, na riƙe kunyarka fiye da yadda ko uwata ta riƙe ta yayana. Ban taɓa kiran sunanka ba, ko a nan ban rubuta shi ba, sai Na Kelle, don can gidanmu na haife ka. Wannan al'ada ce, ban ce a bar ta ba. Amma ni na ƙara mata da abin da ba nata ba. Duk lokacin da na kalle ka ina ganin abin da aka biya ka rayu, sai in kau da kai, mutane su ce Fanna akwai kunya. In ina yi wa Zara da yaran maƙwabta gatana bayan magariba, kai kana bayan zana. Na san kana nan, ina ganin yatsun ƙafarka ta ƙasa. Ban taɓa cewa shigo ba. In Allah ya ba ka ɗa, ka riƙe kunya a gaban mutane yadda ya kamata, amma ka bar masa wurin zama kusa da gwiwarka. Ɗan da bai saba tambaya a gida ba, waje zai kai tambayarsa, kuma amsar mutanen waje zai dawo da ita.

Tun da ka ji gatanata ta bayan zana, ka san yadda nake ƙare ta. Uwata a Kelle, in yarinya ta yi kwaɗayi a cikin gatana, kunya kawai take sha, a yi mata dariya a wuce. Ni da na karɓi gatanar nan, sai na riƙa kashe yarinyar. In jefa ta rijiya, in ba kura, in sa ƙasa ta haɗiye ta. Zara tana da shekara bakwai ta ce, “Inna, in ta ce ta tuba fa?” Na ce, “Ta makara.” Ta turo baki ta ce, “Ke kullum naki makara suke yi.” Na ɗaga mata hannu ta gudu. Ban san wadda nake jefawa rijiya kowace ranar Allah ba sai yanzu da na karanta naka. Abin da mutum ya gaskata a can cikinsa, in ya ɓoye shi a farkon labari da tsakiyarsa, a ƙarshe sai ya fito. Ka riƙa duba ƙarshen labaranka kamar yadda ake duba ƙasan tukunya, don a nan za ka ga abin da ka dafa da shi.

Shi ya sa ban yi mamakin abin da ka rubuta a wasiƙarka ba. Ka ce a wurin mutanen mishan tushen kome shi ne marar laifi ya ɗauki laifin mai laifi da son ransa, don haka duk labarin da suka ƙaga, na makiyayi ne ko na ɗan kasuwa, can yake gangarawa kamar ruwan sama da kwari. Ka ce Almasihu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da misalai yake koyarwa, na shuka da na tumaki, saboda haka a wurinsu ƙagaggen labari ba ƙarya ba ne in yana ɗauke da gaskiya. Ka ce kuma suna cewa Allah ya zauna cikin jiki irin namu, na yi istigfari da na karanta wurin, wai shi ya sa ba abin da ya ƙasƙanta da ba za a rubuta shi ba, ko da takalmin makiyayi ne. Ka ce Nasaran ya karanta naka ya share hawaye, ya ce ka gane maganarsu fiye da waɗanda suka shekara suna ji.

Wannan yabon ne ya hana ni sukuni. Ban tambaye ka ko kana salla ba. Tambayar tana bakina tun shekara biyu, ina jin tsoron amsar, kuma ba ita na zo yi yau ba. Ni ba malama ba ce, ba zan iya jayayya da mai littattafai ba. Abin da aka koya mini kaɗan ne: kowa kayansa zai ɗauka ranar tsayuwa, kuma haƙƙin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Amma ko ka ajiye wannan a gefe, ni na san mutumin da ka rubuta, kuma ba haka yake ba.

Kolo bai yi murmushi ba. Bai ce shi ne ba, shiru kawai ya yi, kuma shirun nan na fushi ne. Ba kuma mai tsarki ba ne, na faɗa maka halinsa. Kai ka wanke shi tas, ka cire goge, ka cire akuya, ka sa masa fuska mai haske, don ya yi daidai da misalin malaminka Nasara. To in mai tsarki ya yi abin da ya yi, ina abin mamaki? Abin da ya hana ni barci shekara ashirin da biyu shi ne ɗan iskan gida, wanda ba a ba amanar akuya, shi ne ya sha igiyar rijiya saboda ɗan wansa ya sha kunu, yana jin haushina yana kuma rufa mini asiri. Ni na ƙwace masa sunansa. Fushin nan kaɗai ya rage masa, kada kai kuma ka ƙwace shi. In za ka rubuta mutum, ka bar shi da ƙurarsa.

Sannan ka kashe shi. Na san dalili, ko kai ba ka sani ba. In ya mutu a daji yana addu'a, matar ba ta da inda za ta je, sai ta tsaya cikin ruwa ta yi kuka a sauke mata kaya. Ɗana, na tsaya cikin ruwan damina ashirin da biyu, ba abin da ya sauka. Kolo yana Gamu, tafiyar yini biyu a jaki, yana kiwon shanun mutane. Ya yi aure a makare, ƴaƴansa ba su san ƙofar gidan kakansu ba. Bai zo jana'izar ubansa ba, bai zo ta wansa ba. Sau ɗaya na gan shi a kasuwar Kelle. Ya gan ni, ya duƙa ya kama bakin wata akuya yana duba haƙoranta, bai ɗago ba sai da na wuce. Ni ma ban tsaya ba. Wannan shi ne kuskurena na baya-bayan nan, kuma ba shi da uzurin yunwa.

Amma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Ban taɓa ganin an rubuta talaka ba sai a takardarka. A sanina rubutu na annabawa ne da sarakuna da sunan wanda kumandan ke nema. Kai ka zauna ka rubuta faso a dugadugin makiyayi, da ɗinkin takalminsa, da yadda yake kwanciya da hannu ɗaya a kan ido. Na karanta na ji warin fatar takalmin nan a hancina. Na ji wa'azi a kan haƙƙin mutane sau ba adadi, ina gyaɗa kai tare da sauran mata, ban motsa daga tabarmata ba. Ganyenka goma sha ɗaya sun tashe ni. Ban sani ba ko wannan idon na malaminka ne ko naka ne tun na bayan zana. In su suka koya maka kallon takalmin talaka da daraja, ka riƙe wannan, ba zan ce ka mayar musu ba. Gatanata ba ta taɓa barin mai laifi ya tuba ba, wannan zalunci ne, na yarda. Naka kuma ya yafe mata ba ta je ta roƙa ba. Wataƙila a wurinsu haka Allah yake yi da bayinsa, wannan tsakaninsu da shi ne. Amma Kolo ba Allah ba ne, mutum ne mai tabo a baya, kuma ba wanda ya tambaye shi kafin a yafe da bakinsa.

Don haka ga abin da na yanke. Ran sha biyar ga watan sha ruwan tsofaffi, lokacin da mutane ke neman gafarar juna kafin azumi, zan hau jaki in tafi Gamu. Mijin Zara ya yarda zai raka ni. Zara ta ce, “Inna, da wannan gwiwar? Me kika ajiye a Gamu?” Na ce mata in na dawo za ta ji, kuma ba za ta ji daɗi ba. Zan durƙusa a ƙofarsa in faɗi abin da na yi a gaban matarsa da ƴaƴansa. In ya ce sai na dawo Gure na faɗa a gaban dangi, a wanke sunansa inda aka ɓata shi, zan yi, ko da mata za su daina amsa gaisuwata a bakin rijiya. Ina jin tsoro ƙwarai. 

Kai kuma abu biyu nake so. Na farko, ka faɗa mini wa ya ba ka labarin takalmin. In Kolo ne, a ina kuka haɗu, me ya ce a kaina, da wace irin murya, ya yi dariya ko bai yi ba? Kada ka tausasa mini. Na biyu, ka yi mini alkawari za ka cire ganye biyu na ƙarshe ka ajiye, sai na dawo na rubuto maka yadda ta kaya. In ya yafe, ka rubuta ya yafe, da irin kalmomin da ya faɗa. In ya kore ni, ka rubuta ya kore ni, ko da Nasaran ya ce bai yi daɗin karatu ba. Sunayen ka bar su na Tudun Kanya, amma ƙarshen kada ya zama naka ko na malaminka. Na Kolo ne.

Zara tana gaishe ka, gwaggonka tana sa maka albarka, Malama Yagana ta ce a gaya maka rubutunka ya fi na uwarka kyau amma ya cika ƙanana. Allah ya tsare ka a zaune da tafe. Allah ya kai ka kudu lafiya in tafiyar alheri ce, ya dawo mana da kai da imaninka da mutuncinka. Allah ya sa alƙalaminka kada ya cuci kowa, mai rai ko matacce. Amin.

Ari zai taso daga Damagaram da tsayuwar wata. Ka ba shi amsarka hannu da hannu, ta iso mini kafin ran sha biyar. In ba ta iso ba zan tafi duk da haka, sai dai zan tafi ban san ko yana jirana ba.

Mahaifiyarka,
Fanna